Jakin Maƙwabcina da Sharaɗin Saukar Ruwa

Shekarun baya, a wata shekarar fari, rijiyar unguwarmu a Isa ta ƙafe, sai an yi tafiya ake samo ruwa. Maƙwabcina yana da jaki amma ba abin ciyar da shi, sai muka je gaban mai unguwa ya ba ni aro. Ni da nake koyar da nahawu a firamare, ni na tsara maganar ina ji da kaina: jaki na hannuna, cinsa da shansa a wuyana, har ranar da ruwa ya sauka.

Ashe wahala na aro. Rabin ruwan da ya ɗauko shi ke shanyewa. Ya cinye dusar awakin matata, ya koma cin danga, har masu wucewa suna gaishe mu muna tsakar gida.

Wata rana aka yi ɗan yayyafi. Ko takalmi ban tsaya sawa ba na ja jaki zuwa gidan mai shi.

"Malam, wanga ba ruwa ba na," in ji shi. "Ko kaza ba ta jiƙe ba."

Muka koma wurin mai unguwa. Na yi ta bayani cewa sharaɗin bai ambaci yawa ba. Tsohon ya bari na gama, ya tona ƙasa da hannu, ya nuna mini busasshen rairayi.

"Tau Malam, in ka yarda ruwa na, gobe ka shuka irinka, shi ko shi amshi jakinai."

Irin geron nan shi kaɗai ya rage mana, in ya ƙone a ƙasa mun shiga uku. Na kama igiya muka koma gida, jaki yana gaba.

Da ruwan gaske ya zo, ciyawa ta kusa zama kyauta, ga taki na jiran a kai gona. Tun ruwan bai ɗauke ba maƙwabcina ya yi sallama, ya zo karɓar jakinsa. Wallahi sai ga ni durƙushe cikin taɓo ina tono, wai ko ruwan bai ratsa ƙasa ba.

Har yau ina dariya in na tuna. Abin da na gane shi ne, kowa yana fassara sharaɗi yadda zai yi masa daɗi, sai an ce ya sa irinsa a kai.