Ɗakin Maman Auta

A unguwar, in aka ce Mai Fenti, mutum ɗaya ake nufi, duk da cewa masu shafa fenti sun fi a ƙirga. Dogo ne siriri, wuyansa ya ɗan karkace saboda yawan ɗaga kai yana shafa silin, farcensa kuwa tun yana saurayi rabon da ya fita tas. Da riƙe wa wani tsani ya fara, har ya kai shi ma ana riƙe masa. Ofisoshi, makarantu, shaguna, gidajen haya, babu inda buroshinsa bai shiga ba. Hannunsa na da kyau, wannan ko wanda ba ya ƙaunarsa ya sani. In ya ja layi a inda bango ya haɗu da silin, sai ka rantse zare aka ɗaura masa.

Cutarsa ɗaya ce, ra'ayi. A wurinsa launin mutanen kirki uku ne: fari, ruwan madara da ruwan toka. Duk sauran hayaniya ce. In mai gida ya nace sai kore ko shuɗi, zai shafa masa, amma yana yi yana tsaki ƙasa-ƙasa, in ya gama kuma ya ce, "To, ga shi nan, kai za ka kwana a ciki." Abokan sana'arsa da ke taruwa a shagon sayar da fenti sun san shi da wannan, har in wani ya zo neman launi mai ɗaukar ido sai su ce a ɓoye gwangwanin kar Mai Fenti ya gani ya suma.

Sai Allah, da yake shi ma yana da nasa tsarin, ya haɗa shi da matar da ko tsintsiya za ta saya sai ta zaɓi mai jan mariƙi. Ɗankwali ruwan ɗorawa, riga koriya shar, takalmi ja, ta fito tana walƙiya abinta. Kofunan shayinta babu biyu masu launi ɗaya. Ƙannensa mata suka laƙaba mata Bakan-gizo don su ba ta haushi, ita kuwa ta karɓe sunan hannu biyu, in an kira ta amsa da "Na'am, ga ni bayan ruwa." Shi dai Maman Auta yake ce mata.

Tun farkon zamansu abu ɗaya take roƙonsa, ya shafa mata ruwan hoda a ɗakinta. Ba falo ba, ba tsakar gida ba, ɗakinta kawai.

"Bango ba zani ba ne, Maman Auta," in ji shi. "Bari a sarara."

Ba a sarara ba. Babban ɗansu ya girma ya tafi aiki nesa, Auta ta yi aure ta koma can kusa da asibiti, ɗakin yana nan da ruwan madararsa. Ita kuma ba ta fasa roƙo ba, sai dai roƙon ya koma wasa, irin wanda mata da miji ke yi in sun ƙoshi.

Daga nan idanunta suka fara hazo. Da farko zare ne ya ƙi shiga allura, sai fuskokin mutane suka fara narkewa, sai ta zuba ruwan zafi a gefen kofi ta ƙone yatsa. Likitan da suka gani ya duba, ya haska, ya ce sai haƙuri. Kafin shekara ta zagayo, haske da duhu kawai take bambancewa. Matar da gidan ke cika da muryarta ta koma zama a bakin gado, duk rigar da aka miƙo mata ta saka, ba ta ko tambayar wace iri ce.

Wata safiya yana ɗaura takalmi zai fita, ta ce, "Baban Auta, ka yi mini ruwan hodar nan. Na san ba zan gani ba. Ko don in san yana nan."

Babu wasa a muryarta. Ya ce to, kuma har ga Allah da niyyar yi ya faɗa.

Amma ruwan hoda ba ya faɗowa daga sama. Sai an je shagon fenti, a gaban waɗancan masu bakin, a ce a ba da fari da ɗan ja. Kuma ƙofar ɗakinta falo take kallo, inda masu kawo masa aiki ke zama. Yana wannan lissafi ya shiga ɗakin ajiya neman rola, sai ga bokiti biyu na ruwan toka, ragowar aikin wani ofis, ko buɗe ɗaya ba a yi ba. Ya tsaya a kansu. Abin da ya zo masa a rai ba wani dogon tunani ba ne, cewa ya yi hanci ba ya bambance launi.

Ta sa aka ajiye mata kujera a bakin ƙofa, tana sauraron rola na hawa da sauka.

"Ya fito?" ta tambaya.

"Ya fito."

"Mai haske ne ko mai duhu?"

"Mai haske. Kamar tafin hannun jariri."

Ta yi dariya, irin wadda ya daɗe bai ji ba. Shi kansa ya yi mamakin yadda maganar ta fito masa sumul, ko tuntuɓe harshensa bai yi ba.

Da fenti ya bushe ta bi bangon da tafin hannu daga ƙofa har taga, ta dawo. Washegari ta aika a kira maƙwabciyarsu mai ɗinki ta zo ta gani. Mai ɗinki ta shigo, ta dubi bango, ta buɗe baki, sai ta hango Mai Fenti a bayan matarsa ya haɗa hannu biyu yana girgiza kai. Baiwar Allah ta haɗiye abin da ke bakinta ta ce, "Kai, Bakan-gizo, yau kam an biya ki." Da haka ya jawo mutum na farko cikin ƙaryarsa, daga nan kuwa sai da ya jawo layin gaba ɗaya. Duk wanda zai shiga gaishe ta, a ƙofar gida ake gaya masa launin da zai gani.

Auta ce ba ta ɗauka da sauƙi ba. Ta jawo shi waje, idonta ya kawo ruwa, ta ce, "Baba, wannan fa ruwan toka ne. Irin na ofis."

"Kwana biyu ne, zan sake."

"Allah ya sa."

Bai sake ba. In ya sake, warin fenti zai tashi, za ta tambayi dalili, me zai ce? Yau ya ce gobe, gobe ya ce sai an sami wata dabara, har kwana biyu suka zama shekaru.

Abin da ya fi ci masa rai shi ne ƙaryar ta yi magani. Maman Auta ta miƙe. Ta dawo tambayar launin riga kafin ta saka, ta sa Auta ta sayo labule fari mai ƙananan furanni don ya dace da bango, ta sa mai ɗinki ta yi mata rigunan filo koraye. In baƙi sun zo sai ta ce, "Mutumin nan da kuke gani da taurin kai, saboda ni ya karya ra'ayinsa. Da hannunsa ya haɗa." Su ce Allah ya bar ƙauna, shi kuma ya sunkuyar da kai, a ɗauka kunya ce. Kunyar ce kuwa, amma ba irin wadda suke zato ba.

Laifi ya gyara masa hali, in dai gyara za a kira shi. Ya koyi jera mata kaya, ya koyi sunayen launukan da a da yake wa tsaki, kuma a kan komai gaskiya yake gaya mata, ko ɗankwali bai taɓa yi mata ƙarya a kai ba. A wurin aiki ma ya yi laushi. Wata rana wata mata ta ce tana son ɗakin 'yarta ruwan hoda, ya je shagon fenti ya ce a ba shi fari da ɗan ja. Abokan suka yi masa tsiya ta ɗan lokaci, suka koma hirarsu ta ƙwallo. Iyakar abin da yake tsoro ke nan. Ya shafa ɗakin yarinyar da bai sani ba, ya yi kyau har uwar ta ɗauki hoto, ya dawo gida ya tarar da matarsa zaune cikin ruwan toka tana rera waƙa. Ranar ko abinci bai iya ci ba.

Ana nan Auta ta zo da labari. An kawo sabon likitan ido a asibitin da ke kusa da ita, ta kai masa uwar, ya duba ya ce idon hagu ya tafi, amma na dama yanar ido ce kawai ta rufe shi, in an cire za ta gani. Gida ya kaure da murna. Mai Fenti ma ya yi murna, wallahi ya yi, amma bangon ya faɗo masa a rai, ya kuma ji haushin kansa da har wani abu zai iya shiga tsakaninsa da wannan farin ciki.

"Kun san abin da zan fara kallo?" in ji Maman Auta. "Ba fuskarka ba, Baban Auta, ita na san ta, tsufa kawai ta ƙara. Ɗakina."

Aka shirya cewa bayan aikin idon za ta zauna gidan Auta har a cire bandeji. Motar da ta ɗauke ta ba ta gama fita layin ba ya fara janye gado. Ruwan toka mugun launi ne, in ka shafa mai haske a kansa sai ya leƙo ta ƙasa. Don haka sai da ya bi bangon da fari, ya bari ya bushe, ya sake bi, sannan ya zauna haɗa ruwan hoda. Yana ɗiga ja yana juyawa, yana gwadawa a jikin kwali yana kaiwa hasken taga, har ya sami abin da ya taɓa siffanta mata. A duk rayuwarsa bai yi aikin da ya kai wannan kyau ba. Ya buɗe tagogi, ya kunna fanka, ya jera bokitan ruwa, ya yanka albasa ya baza a kusurwoyi don ta shanye wari. Ya mayar da labule da gado daidai inda suke. Mai ɗinki ta leƙo ta ce, "Da ka yi haka tun farko, da duk mun huta."

Ranar da aka cire bandeji, da hantsi suka dawo, Auta na riƙe da jaka, uwar sanye da baƙin tabarau, tana tafiya da ƙafarta babu mai ja. Ta dubi mijinta ta ce ashe furfurar ta kai haka, aka yi dariya. Ta ratsa falo. A bakin ƙofar ɗakin ta tsaya cak, ta ja numfashi ta hanci, ta sake ja. Sannan ta cire tabarau.

Ta daɗe tana kallo. Rana ta shigo ta taga, bangon ya ɗauka, har farin labulen ya yi ja-ja.

"Ka sake fenti," ta ce.

"Wancan ya ɗan koɗe ne. Na ce kar ki zo ki tarar da shi haka."

"Koɗaɗɗen nake so."

Ta shiga ta zauna a bakin gado.

"Wannan yana da kyau, ban ce ba shi da kyau ba. Amma ban san shi ba. Wancan ne ya zauna da ni. Lokacin da na gaji da duniya, shi nake shafawa in ce akwai wanda ya damu da ni. Da likita ke aiki a idona, shi nake hangowa. Haba Baban Auta, ka bari in gan shi ko sau ɗaya mana, sannan ka shafe."

"Mama, ki kwanta ki huta," in ji Auta. "Likita ya ce kar ki yi kuka."

"Ba kuka zan yi ba. Ai yana nan a ƙasa, ko ba haka ba? Fenti ba ya gudu. Ɗauko ƙarfenka ka kankare mini ɗan wuri a bayan ƙofa, ko kamar faɗin cokali ne. Ba wanda zai lura."

Auta ta dubi ubanta, ta kau da kai. Yana iya cewa ƙarfen ya ɓata, yana iya cewa ya kankare tsohon kafin ya shafa sabo. Maganganun suka zo har bakinsa, sumul kamar wancan karon, ya ji ba zai iya ba. Ya je ɗakin ajiya ya ɗauko ƙarfen, ya dawo ya durƙusa a bayan ƙofa. Ta taso ta tsaya a kansa, ta dafa kafaɗarsa, ta karkato da idon dama.

Ya sa ƙarfe. Ruwan hoda ya naɗe ya faɗi, fari ya bayyana. Ya ƙara dannawa, farin ya tashi. Ruwan toka ya fito fili, babu tabo babu koɗewa, aikin gwani.

Yana jiran ta ɗauke hannunta daga kafaɗarsa, ba ta ɗauke ba.

"Ci gaba," ta ce a hankali. "Wataƙila yana ƙasa."

Ya ci gaba. Ruwan toka ya tashi, tsohon ruwan madara ya leƙo, shi ma ya tashi. Ƙarfen ya fara kuka a jikin siminti, ƙura na zuba a gwiwarsa, bai daina ba, ita kuma ba ta ce ya daina ba.