Tafi Ɗaya Kafin Surfe

A gidan da aka kai ni aure, a wani ƙauye bayan Lausu, akwai wata ƙaramar randa a kusurwar ɗakin surukata. Ba ta ruwa ba ce. An kife bakinta da faifai, an danne da dutse saboda ɓera. Kullum in za a yi surfen tuwo, surukata, wadda duk gidan muke kira Iya, sai ta auno hatsi a ƙwarya, ta sa hannu ta ɗebi tafi ɗaya ta zuba a randar, leɓɓanta suna motsi. Sannan ta miƙo mini ƙwaryar in tafi wajen turmi.

Mu Kirista ne. Iyayen mijina suna cikin waɗanda suka fara sujada a yankin, tun ana taruwa a gindin ɗorawa. Ni daga wajen Kibiya na fito, gidanmu ma masu bi ne, amma ban taɓa ganin irin wannan randa a ɗakin mahaifiyata ba. Da na ɗan saba, sai na tambaya.

Iya ta ce, "Rabon Ubangiji ne. In kaka ta yi, ranar godiya mu kai coci, a raba wa gwauraye da marayu."

Na ce, "Me kike faɗa in kina zubawa?"

Ta ce, "Abin da ya yi mini a ranar. Ko ɗaya ne."

Bayan na haifi ɗan fari aka raba mana tukunya, na fara girkina ni kaɗai. Ranar Iya ta ba ni muciya sabuwa da randa tawa, ƙanwar tata. Na karɓa da hannu biyu. Shekarun farko na riƙe abin sosai, don yaro ɗaya ne, kuma idon Iya yana kaina.

Sai yara suka zama huɗu. Mu matan ƙauyenmu muna zuwa gona. Ban da gonar gida ina da gayaunata ta gyaɗa, ga awaki, ga ɗiban ruwa, ga wanki. Da safe maigida yakan tara yara a tsakar gida, ya ɗauki waƙa, ya yi addu'a. Ni kuwa ina bakin murhu ina hura wuta, daga can nake jefo "amin" ban ma ji abin da aka roƙa ba. Ranar zumuntar mata a coci nakan isa ana rufewa. In na isa da wuri, da an sunkuyar da kai sai barci ya sace ni, har sai ta kusa da ni ta zungure ni da gwiwar hannu. Ban daina ba da gaskiya ba ko na rana ɗaya. Amma magana tsakanina da Ubangiji ta yanke, kamar ta 'yan'uwan da ba su yi faɗa ba, zumuncin ne kawai ya mutu. Abin yana cin raina. Nakan ce in rani ya yi zan gyara, rani ya zo da nasa aikin, in ce sai na yaye.

Akwai wata maƙwabciyarmu Musulma a tsallaken hanya, Hajiya mai ƙuliƙuli, ita ke sayen gyaɗata. Wata rana na kai mata, muna cikin awo aka kira sallar la'asar. Ta ture tiya gefe, ta ɗauki buta. Da ta idar na ce, "Hajiya, ku kam kun huta. Ana kira, kowa ya san a ajiye aiki."

Ta ce, "Wa ya huta? Jiya ladan ya kira, mai yana kan wuta, na dawo na tarar ya ƙone. Ku ba ku da ƙararrawa ne?"

"Sai Lahadi."

"To ki ce wa mutumin naki ya sayo miki ƙarama a kasuwar Rano, ki rataya a wuya kamar tunkiya. Duk inda kika juya ta tuna miki."

Muka yi dariya. Amma na koma gida ina kishinta, ba don ƙuliƙulin ba.

A shekarar da autana yake goye ne na saki randar. Ba da niyya ba. Ranar farko ina sauri, na ce gobe zan zuba biyu. Goben ma haka. Kafin damina ta yi nisa, faifan da ke bakinta ya zama wurin ajiye sabulu da fitila. In na wuce sai in kawar da kai. Wata rana ma na juye ɗan abin da ke cikinta a turmi, don hatsi ya yi ƙasa a rumbu, na ce rance ne.

Allah ya sa kakar ta yi kyau. Dawa ta cika rumbu har aka jingine dammuna a zaure. Da aka sanar a coci cewa Lahadi mai zuwa ce godiyar kaka, sai dabara ta faɗo mini, kuma a lokacin ban ga laifinta ba ko kaɗan. Na sussuka sabuwar dawa kaura, na sheƙe ta tas, na cika randar har baki, na ƙara da wani kwano a gefe. A raina na ce na biya har da riba. In faɗi gaskiya, akwai son a gani a ciki. Na san matan zumunta suna ganina a matsayin mai barci, ina so ranar nan su ga girman darona.

Al'adar gidan ita ce, ranar Asabar kafin godiya a juye randuna a kan tabarma, a shanya, a bakace. Iya a lokacin idonta ya yi yana, sai dai ta gane mutum da murya. Ta zauna a inuwar darbejiya, na jawo mata tata, na ce, "Iya, bana fa na fi ki."

Ta ce, "Madalla. Juye mu gani."

Na fara da tata. Abin da aka zuba ƙarshe shi ya fara fita: sabon gero, sai masara, sai tsohuwar dawa, sai wake nan da can, can ƙasa kuma 'yar shinkafa da ta yi duhu, ƙwari suna fitowa suna gudun rana. Ko rabin tawa ba ta kai ba. Iya ta sa yatsu tana juyawa. Ta ce shinkafar nan ta Kirsimetin bara ce, da 'yarta ta zo daga Rurum da jikoki. Waken kuwa na kwanakin da ƙafarta ta kumbura ne, ba ta iya cin tuwo sai fate, ta kuma tashi. Tana ta lissafi tana murmushi kamar mai gaisawa da mutane a hanya.

Sai na juye tawa. Ta zubo ja wur, iri ɗaya, ko tsakuwa babu.

Iya ta tura hannu har wuyan hannu, ta ɗebo, ta sansana. Ta sake lalubawa ta wani gefen.

"Ke," ta ce, "ina geronki na damina?"

Na shiga tsince ƙwayoyin da suka fantsama gefen tabarma.

"Ina masara? Ko ƙwaro ɗaya ban taɓa ba. Wannan ai shekaranjiya tana kan kara."

Na ce, "Iya, aiki ne ya yi mini yawa. Na ga ai hatsi hatsi ne. Gwauraye za su ci."

"Za su ci, su sa miki albarka, kuma ta bi ki. Nasu ya isa." Ta karkaɗe hannunta. "Amma kina tsammanin wanda ya yi dawar yunwa yake ji? Ni da na ba ki randa, ba ma'aji na ba ki ba. Na san mace mai goyo ba ta da lokaci. Ni ma bakwai na goya. Abin da na sani, ko duniya za ta tashi sai kin auna hatsi. Shi ya sa na ɗaura miki addu'ar a jikin awon, don kada ta ɓace."

Ban taɓa fahimtar abin haka ba. Shekara da shekaru ina zaton baiko ne kawai, irin kyautar da ake kaiwa coci.

Ta ce, "To faɗa mini abu ɗaya da ya yi miki da daminar nan."

Abin da ke zuwa mini sai gajiya, da tsadar taki, da akuyar da ta mutu.

Ta ce, "Wancan da ke bayanki fa?"

Sai na tuna. A tsakiyar damina zazzaɓi ya kama autan har ya sanƙare, idonsa ya juye. Rafi ya cika, mai babur ya ce ba zai tsallaka ba, babansa ya ɗora shi a kafaɗa ya shiga ruwa har ƙirji, ina biye ina riƙe da rigarsa. A hanyar nan na roƙi Ubangiji da duk bakin da nake da shi. Muka kwana biyu a asibiti a Rano, yaro ya farfaɗo, ya kama nono. Muka dawo na tarar ciyawa ta cinye gyaɗata, na ɗauki fartanya. Tun daga ranar ban koma na ce na gode ba. Ga shi a bayana yana jan ɗankwalina.

Na ce, "Iya, in mayar da ita rumbu?"

"A'a. Abin da aka ce na Ubangiji ne ba ya komawa. Ki kai."

Na kai. Da layin mata ya taso ana kiɗan tukunya ana rawa zuwa gaba, darona ya fi na kowa tudu. Wata ta rangaɗa guɗa. Uwar zumunta ta riƙe hannuna ta ce, "Ashe barcin nan naki na tara ƙarfi ne." Aka yi dariya, ni ma na yi. Iya tana bayana da 'yar ƙwaryarta mai ƙwari, wata jika tana jan sandarta. Ban taɓa ɗaukar kaya mai nauyin na ranar ba.

Ranar Litinin na wanke randar, na kife ta ta bushe, na kwashe sabulu da fitila. Da yamma na auno dawa, na ɗebi tafi ɗaya, na tsaya. Na ce, "Ubangiji, yaron nan. Na gode." Iyakar abin da ya fito ke nan. Na zuba na rufe.

Kwanakin farko bakina a bushe yake. Wata rana in ce na gode da ruwan rijiya, wata rana in ce na gode ban mari kowa ba yau, don ina da saurin hannu, yarana shaida ne. Akwai ranar da na tsaya da hatsi a hannu ina ta ƙorafi a kan maigida, sai da na gama na ga ban gode wa komai ba, na ce to na gode da ka saurara. A hankali maganar ta fara bin ni har wajen turmi. In na ɗaga taɓarya sai in kama yaran ɗaya bayan ɗaya, daga babba zuwa ƙarami, kowa da abin da nake roƙa masa. Kafin dusa ta fita na gama da su, na shiga dangi.

Yaran suka gane da kansu. In sun ga hannuna a kan randa, ko faɗa suke yi sai su dakata, mai kawo ƙara ya tsaya da ƙararsa a baki. Maigida ma ya taɓa shigowa yana neman igiyar shanu, ya gan ni, ya koma da baya ya jira a ƙofa. Hajiya ta zo karɓar gyaɗa wata yamma ta tarar da ni haka. Ta tsaya har na rufe faifan, sannan ta ce, "Ashe an sayo ƙararrawar."

Da kaka ta zagayo, randar ba ta cika ba. Akwai kwanakin da na tsallake, ban kuma rama su ba. Na juye a gaban Iya a inuwar nan dai. Ta tura hannu. Gero, masara, dawa fara da ja, har da 'yar alkamar da ƙanwata ta kawo mini daga wajen masu noman rani. Ta tsinto ƙwayar wake ta ce, "Wannan fa?"

Na ce, "Ranar da babban ya ci jarrabawa. Na yi musu shinkafa da wake."

Wani ƙwaro ya hau bayan hannunta yana tafiya. Ta ji shi, ta yi dariya har da tari. Ta ce, "Bakace da kyau, kada gwauraye su zage mu."

Iya ta rasu shekarun baya. Randarta tana wurin matar ƙanin mijina. Yanzu ba na surfe da hannu, inji ya zo ƙauyen, yara nake aika. Amma injin ba ya auna mini hatsi, ni nake aunawa, don haka lokacina yana nan inda Iya ta ɗaure shi. Har yau nakan yi gyangyaɗi a zumunta, ba zan ɓoye ba, kuma ba kullum nake samun zama a addu'ar safe ba. Sai dai ban ƙara jin tsoron cewa maganar ta yanke ba. Autan nan da aka tsallaka rafi da shi, shi ke kai niƙa yanzu a keke. Ɗazu ya tsaya a ƙofa da buhu a hannu yana cewa layi zai yi tsawo a wurin inji. Hannuna yana kan randa, na ce ya jira. Ya jingina keken da bango, ya jira.