Watan Kano da Gonar Malam Uwaisu

Malam Uwaisu ɗan Sulemanu ya shigo Kano a ƙarshen 1973, shekarar da fari ya cinye hatsi da dabbobi a ƙasar Damagaram. Mutumin wani ƙauye ne kusa da Magarya, inda mahaifinsa ya bar masa gona guda, jigawa ce mai 'yar fadama a gindinta. Bai zo da niyyar zama ba. Ya bar gonar a hannun ƙanensa Mamman, a kan zai komo idan ruwa ya daidaita. Ya fara da dakon buhuna a wani kamfanin man gyaɗa a Bompai. Da gyaɗa ta yi ƙaranci aka rage mutane, sai ya koma wani kamfanin fata a Challawa, ya kama haya a Panshekara, ya aika aka kawo masa matarsa Hajjo da 'ya'yansu.

Aikinsa shi ne loda ƙiraga a manyan gangunan da ake juya su da sinadari, da fito da su idan gashi ya zube. Aiki ne mai cin hannu da ƙirji. Waɗanda suka yi zamani da shi suna tuna shi da tafin hannu mai tsagewa da wani ɗan tari da ba ya rabuwa da shi. Amma ba don wannan aka san shi ba. Tun yana saurayi ya zauna wurin wani malami a birnin Damagaram, ya haddace baitocin hisabi, ya san sunayen taurari da ranar da kowanne yake mulki. Bai taɓa ɓoye inda ya samo ilimin ba, hasali ma da shi yake tinƙaho, har sunan Malam Badamagare ya bi shi daga bakin ƙofar kamfani zuwa ofishin manaja.

Kowace shekara, idan watan Muharram ya kama, ma'aikata kan taru a gindin wata darbejiya lokacin hutun rana, su ji abin da shekara ta zo da shi. Ƙa'idar da ya koya mai sauƙin faɗi ce: ranar da ɗaya ga wata ta faɗo, tauraron wannan rana ne zai riƙe shekarar. Daga nan yake faɗin yadda damina za ta kasance, da farashin hatsi, da zaman masu mulki, sa'an nan ya faɗi sadakar da ta dace, a yi karo-karo a fitar. Wasu samari masu zuwa wa'azi sun ce wannan leƙen gaibu ne. Shi kuwa yakan ce alama kawai yake karantawa, kamar yadda manomi yake duban hadari, sanin kuwa na Allah ne. Har Kiristocin kamfanin sukan matso su saurara, musamman Haruna, mutumin kudancin Kaduna, abokin aikinsa a ganga ɗaya kuma babban mai tsokanarsa.

Shekarar Hijira ta 1403 ta kama a watan Oktoba na 1982, lokacin da tsuke bakin aljihun gwamnati ya fara cizo. Sinadarin jima daga waje ake kawo shi, izinin shigo da kaya kuma ya yi wuya. Ganguna biyu sun riga sun tsaya, an soke aikin dare, ga kuma zaɓe na tafe. Saboda haka taron bana ya fi na kullum cika.

Shi ma Uwaisu yana da tasa tambayar, wadda ta fi ta kowa nauyi. Wani dillali ya nuna masa fili a bayan Panshekara. Alhaji Muntari kuma, wani mai sayen hatsi a ƙauyensu, ya daɗe yana neman gonarsa. Idan ya sayar, zai mallaki fili ya yi gini, ya huta da haya, ya zama mutumin Kano sosai. Idan bai sayar ba, yana da inda zai koma. Ya gaya wa Hajjo cewa shekara ce za ta raba gardama.

A Kano an ce an ga wata ranar Lahadi da magariba, don haka Litinin ce ɗaya ga wata. Litinin ranar Wata ce a lissafinsa, shekararta kuma ta ruwa ce da yalwar fatauci da zaman masu mulki a kujerunsu. Amma kafin ranar taron, wani direba mai jigila zuwa Magarya ya tsaya gaisawa da Hajjo, ya ce su can ba su ga komai ba ranar Lahadi, sai Litinin, don haka da Talata suka shiga shekara. Hajjo ba ta yi karatu ba, amma ta daɗe da mijinta, ta san abin da Talata take nufi a bakinsa: ranar Mirriku ce, jan tauraro, shekarar ƙarfe da ƙarancin ruwa da rabuwar mutane da muhallinsu.

Ta same shi yana shafa man kaɗe a hannuwansa bayan la'asar, ta faɗa masa abin da direban ya ce. Ya ce mutum watan garin da yake zaune yake bi, haka ake yi a azumi, haka ake yi a salla.

Ta ce, "Malam, ku kuna Kano, amma gonar fa? Ita a wane gari take zaune?"

Ya ci gaba da shafa mansa, ya tsaya a kan Litinin. Waɗanda suka san shi sun rabu biyu a kan wannan. Wasu sun ce da gaskiya ya yi riƙo da ƙa'ida, domin malaminsa bai taɓa koya masa yadda ake yi da mutumin da jikinsa ke wata ƙasa, gadonsa ke wata ba. Wasu kuma sun ce zuciyarsa ta riga ta kwanta a kan filin, ya zaɓi ranar da ta yi masa daɗi. Babu yadda za a tabbatar da ɗayan biyun.

A gindin darbejiya ya faɗi shekarar Litinin. Ya ce ganguna za su tashi, jiragen kaya za su sauke a Ikko, damina za ta yi albarka, za a yi zaɓe waɗanda ke kan mulki su zarce, sadakar shekara kuma farin abu ce, nono da gumba. Haruna, yana cin rogonsa, ya ɗaga kai.

"Malam Badamagare, wannan Watan naka, shi ke sa hannu a takardar shigo da kaya? In shi ne, ka gaya masa gangarmu ta fara tsatsa."

Aka yi dariya. Uwaisu ya ce, "Kai dai kawo kuɗin nono, Haruna, ko fastonku ma ba zai hana ka sadaka ba."

Haruna ya bayar, kamar yadda ya saba bayarwa kowace shekara.

Da kaka ta yi, Uwaisu ya tafi gida don ya sayar da gonar. Mamman ya roƙe shi ya ba da gonar jingina, yadda duk ranar da ya samu zai fanshe ta. Uwaisu ya ce abin da za a ba shi na jingina ba zai sayi fili ya ɗora bulo ba. Mamman ya ce to a bar fadamar, a sayar da jigawar. Alhaji Muntari ya ce ai fadamar yake so, ko duka ko ya fasa. Aka tara dattawa a ƙofar mai gari, aka zaga iyaka, aka shafa fatiha. Mamman bai raka yayansa tasha ba.

Uwaisu ya dawo Kano ya sayi filin. Kafin tsakiyar Janairu ginin ya kai linta, ɗakuna biyu da zaure, saura rufi, don kwano ya yi tsada ƙwarai. Sai rediyo ya sanar cewa gwamnatin tarayya ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya bar ƙasar, an kuma gargaɗi masu kamfanoni kada su riƙe su a aiki. Mutanen Nijar da yawa a Kano ba su motsa ba. Harshensu ɗaya da na gari, kowa ya ce shi mutumin Daura ne ko Kazaure, aka bar shi. Uwaisu ba shi da wannan mafita. Shekara da shekaru yana faɗin garinsu da sunan malaminsa a gaban jama'a. Kamfanin kuma dama yana neman dalilin rage mutane ba tare da rigima da ƙungiyar ma'aikata ba. Akawu ya kira shi ya sallame shi, ya ce masa shi ma umarni aka ba shi.

Ya yi ƙoƙarin sayar da ginin, amma masu sayarwa sun fi masu saye yawa a wannan makon. Mai gidan da yake haya ya tsorata, ya ce su tashi. Uwaisu ya bar ginin amana a hannun Haruna, wanda ya ɗauki ƙunshin tukwanen Hajjo a ka har tashar mota, bai yi tsokana ko ɗaya ba. Haruna ya riƙe amanar iyakar ƙarfinsa, amma bayan 'yan watanni shi ma aka sallame shi. Dillalin ya sake sayar da filin ga wani, yana cewa baƙo ba shi da ƙasa a nan, kuma babu wanda ya tsaya wa Uwaisu.

A ƙauye, Mamman ya ba su ɗaki a gidansa, amma gonarsa ba ta isa ciyar da gida biyu ba. Da bazara ta yi nisa, Uwaisu ya sa rigarsa mai kyau ya tafi wurin Alhaji Muntari, ya roƙi a mayar masa da gonar, ya riƙa biya a hankali. Alhaji ya karɓe shi da mutunci, ya sa aka kawo masa fura, ya saurare shi har ƙarshe.

Ya ce, "Malam, da jingina kuka ba ni, yau ɗin nan sai ku karɓi abinku. Amma ciniki muka yi a gaban dattawa, na kuma riga na raba wa 'ya'yana ita. Idan aiki kuke so, akwai noma."

Uwaisu ya karɓi aikin. A daminar 1983 ya yi ƙwadago a jigawar mahaifinsa, ana auna masa gero da yamma. Ruwa ya ɗauke kafin hatsi ya yi ƙwari. A Najeriya an yi zaɓe, waɗanda ke kan mulki suka zarce kamar yadda ya faɗa, sai dai kafin shekarar Turawa ta fita soja sun kawar da su. Damina ta gaba ta fi wannan muni, Alhaji ya daina ɗaukar 'yan ƙwadago. Mutanen ƙauye sun riƙa zuwa tambayarsa abin da shekara ta ƙunsa, yana ba su haƙuri, yana cewa ƙirjinsa ba ya barinsa doguwar magana. Tarin ne ya kwantar da shi, ya rasu a cikin 1985, bai bar wa 'ya'yansa ko taƙin ƙasa ba a kowane ɓangaren iyaka.

Da aka buɗe iyakar da soja suka rufe, a shekarar da ta biyo, babban ɗansa Idi ya bar Hajjo a gidan Mamman ya shigo Kano. Ya yi ta zarya a ƙofofin kamfanoni har ya samu aikin lebura na wucin gadi a wata masana'antar roba a Sharada. Da akawu ya tambaye shi garinsu, ya ce Ɓaɓura, garin bakin iyaka ta ɓangaren Najeriya.