Sawun da Milad Bai Gane Ba

Shekara talatin da huɗu ni Faraj ina zaune a bakin ƙofar zangon fatake na Gadamas ina ɗinkin takalma, kuma duk tsawon shekarun nan Milad ne mai tsaron ɗakunan ajiya. Mutum ne siriri, mai faɗan tsiya, ko shayi ka ba shi sai ya kushe kafin ya shanye. Ba mu taɓa wuni ba mu yi cacar baki ba. Shi ya ce mini baduku mai warin fata, ni in ce masa sarkin tsintsiya.

Tsintsiyar kuwa ita ce aikinsa. Wani mai tsaro kare yake ajiyewa, wani takobi, shi Milad yashi. Ɗakunan ajiyar a jere suke, ya shimfiɗa lallausan yashi a gabansu. Rana na takewa, an kulle ƙofofi kowa ya nufi ƙailula, sai ya ɗauki reshen dabino ya share yashin nan sumul, yana tafiya da baya da baya, yana goge sawunsa har ya fita. Haka ma da magariba. In ya dawo sai ya tsuguna ya duba. Ko ƙadangare ne ya gitta zai gaya maka inda ya dosa. Ba ƙafar da bai sani ba a garin nan, ta manya da ta yara. Ya taɓa kama wani mai raƙumi da buhun barkono saboda faso a dundunia kawai.

Ƙa'idar zangon tun kaka da kakanni ɗaya ce. In kaya suka ɓace a hannun mai tsaro, ba a same su ba har ayarin ya tashi, to ranar Juma'a zai ajiye mabuɗai a ƙofar masallaci a gaban jama'a. Daga ranar ko akuya ba mai sake ba shi ajiya. Milad kuwa ko allura ba ta taɓa ɓata a hannunsa ba, kuma ba ya barin mu manta da haka.

Sai shekarar da Zarruƙ, ɗan marigayi Haj Hiba wanda shi ma a zangon nan yake sauka, ya iso da ayarinsa daga Kano. Ya sauke fatu da turkudi da gashin jimina a ɗaki na uku, zai huta mako guda ya wuce Turabulus ranar Alhamis da yamma. Ranar Litinin da la'asar ina cikin huda fata na ji Milad ya kwarma salati.

Ƙunshin farin gashin jimina, wanda ya fi duk sauran kayan tsada, babu shi. Kwaɗo a kulle, ba a taɓa shi ba. Mabuɗai suna rataye a wuyan Milad. A kan yashin kuma ga sawun mutum ɗaya, ba takalmi, ya je ƙofa ya dawo, ya sauka kan daɓen tsakar gida inda raƙuma suka tattake, shi ke nan.

"Baffa, sawun wa ne?" in ji Zarruƙ.

Milad ya duba ta nan, ya zagaya ya duba ta can. "Ɗana, ban san shi ba."

"Kai ne ba ka san shi ba?"

"Na ce ban san shi ba! Tsoho ne, ba shi da nauyi. Da ya dawo ƙafarsa ta fi nutsewa, da kaya ke nan a kansa. Bai yi sanɗa ba, bai yi sauri ba, tafiya yake kamar gidan ubansa. Wane irin ɓarawo ne wannan?"

Ya ɗauko akushi ya kife a kan sawun da ya fi fitowa, ya ce duk wanda ya taɓa sai ya karya masa hannu.

Daga nan gari ya shiga uku. Milad ya cika faranti da yashi ya riƙa bin mutane lungu lungu yana cewa su taka. Ya tare masu ɗiban ruwa a bakin marmaro. Ya tsaya a ƙofar masallaci inda kowa ke tuɓe takalmi. Ladan ya taka, mai burodi ya taka, har liman sai da ya taka yana ta a'uziyya. Wasu suka ce aljani ne. Milad ya ce aljanin banza, aljani ba ya faso. Wasu suka fara duban mabuɗan da ke wuyansa suna sunkuyar da kai, shi kuwa bai ma lura ba.

Ni sai ranar Laraba ya tuna da ni. "Kai mai warin fata, taso. Kai ma ai ƙafafu kake ci da su. Zo ka gani ko ka taɓa yi wa wannan la'ananne takalmi."

Ya ɗaga akushin. Wallahi kallo ɗaya na yi masa na gane shi. Babban yatsan ƙafar hagu ya karkace waje, ya rabu da 'yan'uwansa. Ƙafa ɗaya ce haka a Gadamas. Raƙumi ne ya taka ta tun mai ita yana saurayi, kuma shekara talatin da huɗu ni nake ƙara mata faɗi a takalmi, mai ita yana zagina wai na cika tsada.

"Ka san shi?"

"Bari in yi tunani," na ce, na koma wurin zamana.

Ranar nan basilla sau uku tana shiga yatsana. Milad ɓarawo? To ɓarawo ne zai kife akushi a kan sawunsa ya kira baduku ya duba? In kuma ba ɓarawo ba ne, ina kayan? Na rasa gane gabas da yamma. Matata ta aiko da tuwon bazin, na ture shi gefe. In na faɗa, na kashe shi da bakina. In na yi shiru, gobe ayari ya tashi, jibi ya ajiye mabuɗai. Gaba kura, baya sayaki.

Ina wannan saƙa da warwara sai wasu 'yan abubuwa suka riƙa dawo mini. Watan jiya ya zuba gishiri a shayi ya ce laifina ne. Sau biyu ya kira jikarsa da sunan matarsa da ta rasu. Ranar da ayarin nan ya iso kuma, na ji shi da kunnena yana tambayar Zarruƙ ko Haj Hiba yana baya. Zarruƙ ya yi dariya, ya zaci ba'a ce, alhali Haj Hiba shekararsa tara a ƙasa.

Da safiyar Alhamis, ana ta ɗaure wa raƙuma kaya, na same shi tsugune gaban akushinsa, idanu sun yi zuru-zuru.

"Sarkin tsintsiya, farin gashin jiminar Haj Hiba a ina kake ajiye masa?"

"Ji wata tambayar banza. A ɗakin ƙurya mana, can ne asu ba ya shiga. Haj ba ya yarda a haɗa masa fari da fatu, ko sau ɗaya."

Ɗakin ƙuryar nan tun rasuwar Haj Hiba ba a sake sa kaya a ciki ba, bangonsa ya tsage, ko yashi ba a shimfiɗawa a gabansa. Na yafito Zarruƙ, muka tafi mu uku. Milad ya zaɓo mabuɗin ba tare da ya duba ba. Ga ƙunshin nan a kan dakali, an ɗora shi kan itace biyu don kada sanyin ƙasa ya taɓa shi, an lulluɓe da tsohon bargo.

Zarruƙ ya yi hamdala. Milad kuwa ya tsaya baki buɗe.

"To fa! Ya sata, ya kawo nan, ya lulluɓe da bargona? Faraj, mahaukaci ne ko waliyyi? Ta ina ya sami mabuɗi? Ni dai sai na ga mai ƙafar nan."

Na so in ƙyale shi haka, Allah ya sani. Amma na san shi, zai ci gaba da yawo da faranti har ya zama abin dariyar yara. Na ja hannunsa zuwa gaban ɗaki na uku, na durƙusa na cire masa takalmin hagu, na ɗaga akushin.

"Taka nan, kusa da shi."

"Kai, ka haukace?"

"Taka dai, ɗan'uwa."

Ya taka, ya ɗaga ƙafa. Ya daɗe yana duban sawun biyu. Sannan ya tsuguna ya auna su da tafin hannu, yadda yake yi wa na kowa.

"Ban taɓa ganinsa ba," ya ce a hankali.

"Ina za ka gan shi, kullum kana sharewa?"

"To yaushe na zo? Faraj, na rantse barci nake yi. Yaushe na tashi?"

Na juya ina gyara rawanina don kada ya ga idona.

Zarruƙ ɗan halak ne. Ya ce, "Baffa, ba abin da ya ɓace. Ka yi wa kayana abin da kake yi wa na mahaifina. Maganar nan ta mutu a nan." Ayari ya tashi da yamma da kayansa cif.

Amma ranar Juma'a, ana sallamewa, Milad ya cire mabuɗan daga wuyansa ya ajiye a ƙofar masallaci. Liman ya ce ƙa'ida ba ta hau kansa ba. Dattawa suka ce ya ɗauka. Ya ce, "Akwai wanda ke shiga ɗakunan nan ban sani ba, kuma ba ni da yadda zan tsare shi." Mutane suka kasa gane abin da yake nufi, ni ma ban fassara musu ba.

Sabon mai tsaron da aka naɗa, kare ya kawo, ƙaton banza mai barci. Amma ba wanda ya hana Milad zuwa. Kullum rana na takewa sai ga shi da reshen dabinonsa. Sai dai yanzu ya manta da tafiya da baya. Yakan share ya miƙe gaba, in ya kai ƙarshe ya waiwaya, ya ga sawu a jere a bayansa. Sai ya taho wurina da sauri, yana raɗa.

"Faraj, tashi. Wani ya shiga."

Nakan ajiye basilla in bi shi, in tsuguna in duba da kyau.

"Na san shi, Milad. Ni nake masa takalmi. Shekara talatin da huɗu yana shiga nan, bai taɓa ɗaukar ko allura ba."

"Ka tabbata?"

"Na tabbata."

"To, a bar shi ya wuce," yakan ce.