Muntaka, Wanda Ya Koya wa Inji Amsa Sallama

Duk mai bin hanyar kasuwar Matamaye da hantsi ya san Muntaka. Zai zo a kan tsohon kekensa, buta a rataye, ƙaramin turnabis na kwance kusoshi yana leƙowa daga aljihun gaba. Kafin ya buɗe ƙofar biro, wato ofishin ƙungiyar manoma, sai ya zaga baya, ya tsuguna a gindin bango, ya tsiyaye sauran ruwan butar a kan wani guntun ƙarfe da ke kafe a ƙasa. Baƙo in ya gani cewa yake tsafi ne. Mu da muka san mafarin abin, murmushi kawai muke yi. Daga nan sai ya shiga, ya gaida kowa ɗaya bayan ɗaya, har wanda ya zo fake wa rana, sannan ya zauna gaban injunansa.

A ƙarshen watan nan Muntaka zai ajiye aiki. Shi ya sa na ce, wallahi ba zai tafi shiru ba! Ni tela ne, rumfata tana kallon barandar biron nan. Boko da girma na same shi, a ajin yaƙi da jahilci, amma kunne tun ina yaro nake da abina. Abin da zan faɗa a gaban idona aka yi shi, kuma shaidu suna nan da ransu.

Abin ya faru ne a shekarar nan da damina ta yi gardama, soja na kan mulki, salula ba ta zo ba tukuna. Rumbuna sun yi fayau. Mutanen karkara sun ci hatsi, sun ci dusa, daga ƙarshe suka juya kan irin da suka ɓoye don shuka, shi ma suka daka. Sai wata ƙungiyar agaji a Yamai ta ce za ta raba irin gero, amma ta hanyar na'ura za ta karɓi kukan garuruwa, don saƙon hannu yana kwana a hanya har ya tsufa. Garin da kukansa bai isa ba kafin a yi wa motoci lodi ranar Juma'a, sai dai ya ji labari.

Aka aiko da kwali daga Damagaram. A ciki akwai ordinater, wato kwamfuta, da wani ƙaramin akwati mai fitilu da ake kira modem, wanda ke sa inji ya yi magana ta wayar tarho. Aka ce Muntaka ne zai haɗa, don shi ne mai gyaran waya da rediyo na biron. Bai taɓa haɗa irinsa ba. Ya karanta takardun da suka zo da shi, ya sake karantawa, ya nannaɗe hannun riga.

Kai jama'a, mun ga aiki! Ya fara da ƙasa. Ya ce inji in ba a ɗaure shi da ƙasa ba, tsawa ɗaya za ta gama da shi, layi kuma ya yi ta shuuu kamar ana suya. Ya haƙa rami a bayan bango, ya kafa ƙarfe, ya zuba gawayi da gishiri. Amma busasshiyar ƙasa ba ta karɓar wuta, sai da danshi, ga shi ruwa a lokacin ya fi nama daraja. Bai roƙi kowa ba. Sauran ruwan alwalarsa ya riƙa zubawa. Mafarin butar ke nan. Ya jera baturan mota saboda ɗaukewar lantarki. Ya zauna a ɗakin ciki yana danne-danne, baƙin allo yana tambayarsa da fararen haruffa yana ba shi amsa. Da injin ya nemi a raɗa masa suna, sai ya rubuta: Zaure.

Na tambaye shi dalili. Ya ce, "Malam tela, ai aikin zaure zai yi. Injin wani gari zai bugo waya, ya yi sallama. Wannan ya amsa, ya tambaye shi sunansa da kalmar sirrinsa. In ya san shi, ya shimfiɗa masa tabarma, ya karɓi saƙo. Da la'asar shi kuma ya buga Yamai ya isar." Tun daga ranar ban sake jin tsoron abin ba.

Ya ba kowane reshe suna da kalmar sirri. Ya rage saurin layi, ya ce wayarmu tsohuwa ce, ba a sa tsoho gudu. Ya gwada bugawa Yamai, ta shiga tsaf. Muka yi ta murna. Saura a bugo daga Kance, inda Inusa, magatakardan reshen can, ya tara kukan Dungu da Yauri da Dawce a cikin nasa injin.

Nan fa gizo ke saƙa. Inusa ya bugo, ta yanke. Ya sake, ta yanke. Washegari haka. Muntaka ya sauya waya, ya sauya modem da na ajiya, ya ƙara rage sauri, ya hau tsani ya bi layi har bakin titi. Inusa dai maganarsa ɗaya: ana ɗagawa, sai ta mutu. Ga gabas ta fara haɗa gira, hadari yana leƙowa da yamma yana komawa.

Ranar Laraba sai ga Hajara a kan amalanke. Ita ce shugabar matan bankin cimaka na Dungu, dattijuwa mai faɗa a ji, ita ta bi gida gida ta tattaro kukan garinsu ta kai Kance. Ko zama ba ta yi ba.

"Ina ɗan nan mai injin?"

Muntaka ya fito ya rusuna. "Sannu da hanya, Inna."

"Riƙe sannunka. Na ce wa matan Dungu su bar sauran ƙarfinsu don shuka, iri na zuwa. Da bakina na faɗa. In ruwa ya sauka hannunmu wayam, da wane ido zan dube su? Ko akwatin naka za mu shuka?"

Da wani ne, da ya kare kansa da dogon Faransanci. Muntaka kuwa sai ya ɗauko mata kujera, shi kuma ya zauna a dakalin baranda, wurin da bai taɓa zama ba tun da aka fara aikin, don kullum yana ɗakin ciki. Ya haɗa kai da gwiwa.

Sai tarho ya yi ƙara.

To, a barandar nan akwai tsohon kan tarho, layinsu ɗaya da injin, yana kan benci kusa da Baba Sallau maigadi. Tarhon nan shi ne na unguwa duka. Ɗanka na Kano ko na Agadas in zai bugo, nan zai bugo, Baba Sallau ya aika a kira ka. Kafin ƙara ta biyu tsoho ya cafke.

"Alo! Wa alaikumus salam! Alo? Kai, ɗan banzan nan ne kuma." Ya kife.

Muntaka ya ɗago kai a hankali. "Baba, wane ne?"

"Wani mara kunya ne, ko aljani. Kullum bayan azahar sai ya bugo. In yi masa sallama, ya yi mini fito a kunne. Jiya har ayatul kursiyyu na karanta masa."

Wallahi da Hajara ta gane injin Inusa ne ke bugowa, Baba na riga Zaure ɗagawa yana kifewa, sai da ta dafe ƙirji. Shugaban biro ya fito, ya ji bayani, ya ce a kawo almakashi a datse wayar barandar yanzu yanzu, magana ta ƙare. Kuma ba a ce ya yi ƙarya ba, datsewa ita ce mafi sauƙi.

Muntaka, a nan ne na san ko kai wane ne. Kai ne ka ce a'a. Kai ne ka ce a shekarar yunwa ba a yanke wayar da uwa ke jin muryar ɗanta da ya tafi ci-rani. Kai ne ka dubi tsohon nan, ka ga idonsa ya kawo ruwa don ya gane shi ya tare wa Dungu hanya, ka ƙi bari a mai da shi abin dariya.

Muntaka ya kama hannun Baba Sallau ya kai shi ɗakin ciki, mu ma muka bi. Ya ce daga azahar zuwa la'asar a bar wa inji layi, sauran yini na mutane ne. Baba ya girgiza kai.

"Ɗana, ni ba zan iya ba. A yi sallama ina ji in yi shiru? Amsa sallama wajibi ce. Ba a barinta a ƙasa."

"Gaskiya ne, Baba. Amma in mutum ya yi sallama ga jama'a, ɗaya ya amsa, bai ɗauke wa saura ba?"

"Ya ɗauke. To wa zai amsa? Wannan akwatin?"

"Saurara ka ji."

Ya buɗe lasifikar modem, ya sa Zaure ya buga Yamai. Ƙara ta cika ɗaki, ƙiii, ƙurrr, shuuu. Muntaka ya ɗaga yatsa yana fassara.

"Namu ya yi sallama. Ka ji na Yamai ya amsa. Ina wuni. Ina gajiya. Yaya gida, yaya iyali. Yanzu suna shawarar da wane sauri za su yi magana, don kada ɗaya ya bar ɗaya a baya."

Sai ɗif, shiru.

"Sun yi faɗa?" in ji Baba.

"Sun gama gaisuwa, sun shiga zance."

Tsoho ya riƙe haɓa, ya ce, "Ashe masu ladabi ne. Ni ne nake faɗa musu cikin gaisuwa kamar ɗan da ba a yi wa tarbiyya ba!" Hajara da ta zo da faɗa, sai da dariya ta ƙwace mata.

Nan take Muntaka ya gyara injin ya riƙa ɗagawa tun ƙarar farko, don kada sallama ta daɗe a ƙasa ran Baba ya ɓaci. Ya buga wa Inusa da baki ya ce gobe bayan azahar. Goben nan Alhamis ce, daga ita sai lodi.

Hajara ta kwana wurin 'yar uwarta, ta dawo tun kafin a kira sallar azahar. Baranda ta cika. Ni ma na rufe keken ɗinki. Tarho ya yi ƙara sau ɗaya, hannun Baba Sallau ya zabura da kansa, ya kama shi da ɗaya hannun ya danne a cinya. Daga ciki muka ji ƙiii, ƙurrr, shuuu, sai shiru. Muntaka ya leƙo ta taga ya ce, "Ya shigo! Saƙo na sauka, kada kowa ya taɓa!"

Ana cikin haka sai ga motar soja ta tsaya, ƙura ta tashi. Wani babban soja ya diro, ya ce tarhonsu ya lalace, zai buga Damagaram da gaggawa. Wanda ya ga zamanin ya san ba a ce wa kaki dakata. Sojan ya miƙa hannu zai ɗauka.

Baba Sallau ya miƙe, ya shiga tsakaninsa da benci.

"Shef, a yi haƙuri. Baƙo ne a zaure, suna zance."

"Wane baƙo? Ina yake?"

"Daga Kance yake. Irin shukar Dungu ya zo nema. In ka ɗaga, ka kore shi."

Na ga gumi a goshin shugaban biro. Hajara ta runtse ido, leɓunanta na motsi. Sojan ya dubi tsoho, ya dubi tarhon da ba kowa a kansa, ya dubi taron da ya zuba masa ido. Muntaka ya fito, ya gaishe shi da ladabi, ya ce ya shigo ya gani. Ya nuna masa allo, sunayen garuruwa suna sauka layi bayan layi, a hankali kamar tururuwa. Sojan ya tsaya yana kallo, hannu a baya. Da Dungu ta fito sai ya ce, "Kakata 'yar wajen nan ce." Ya ja kujera ya zauna.

Da fitilar modem ta mutu, Muntaka ya juyo ya ce, "Inna, ya sauka duka." Hajara ta rangaɗa guɗar da sai da awakin kasuwa suka watse! Sojan ya yi wayarsa a gurguje, ya ajiye, ya ce wa Baba, "Tsoho, ga layin baƙonka." Kafin la'asar Zaure ya buga Yamai ya isar.

Iri ya iso Dungu kafin ruwan shuka. Da kaka ta yi, Hajara ta aiko da damin gero a kan amalanke, ta ce rabi na ɗan nan mai injin, rabi na tsohon da ya tare soja.

Yau Zaure yana kan kanta a lulluɓe, salula ta karɓe masa aiki. Baba Sallau ya tsufa ƙwarai, yana gida, amma har gobe in jikokinsa suka katse babba yana magana, cewa yake ko inji ya fi su ladabi. Ƙarfen bayan bango kuwa sababbin injuna ne ke ɗaure da shi, shi ya sa buta ba ta huta ba.

Muntaka na Zaure, mai kunnen jin inji da na jin mutum! Mun gode. Dungu ta gode, Yauri da Dawce sun gode, uwayen da suka ci gaba da jin muryar 'ya'yansu a barandar nan sun gode. Allah Ya sa hutunka ya zama mai albarka, Ya ba ka lafiyar cin gajiyarsa.

Ku kuma samarin da ke haɗa mana sababbin na'urori, ga abin koyi. Za ku riski ranar da aiki zai ƙi, ku gano mutum ne ya tare hanya, wani ya miƙo muku almakashi. Ku tuna da Muntaka. Ku ajiye almakashin, ku kama hannun tsohon, ku ce masa, "Baba, saurara ka ji."