Shukar shekarar da aka yi annabcin yunwa

Akwai wata safiya ta farkon damina da ba za ta taɓa fita daga raina ba, ko da tsufa ya kwashe mini sauran abubuwa. Ni mutum ne mai yawan tsoro da tunani. Karatuna bai wuce ƙaramar lakwal ba, wato firamare, amma abin da na ji a majami'a nakan riƙe shi hannu biyu, kullum ina fargabar kada in saɓa wa Allah ban sani ba.

Mu Kirista ba mu da yawa a Dakoro, ranar Lahadi ɗaki guda ke ɗauke mu. A cikinmu akwai wata tsohuwa da mijinta ya daɗe da rasuwa, kowa Inna yake ce mata. Ba mai surutu ba ce. Wata Lahadi cikin bazara muna tsakiyar addu'a, sai ta miƙe, ta ce Ubangiji ya sa mata magana a zuciya: shekarar nan za ta yi wuya, hatsi zai yi ƙaranci. Ta ci gaba da magana, amma ni daga nan kunnena ya toshe. Fasto ya ce mu auna maganar, mu yi addu'a a kanta. Ni kam tsoro kawai na ɗauka na tafi da shi gida.

Tun daga ranar na shiga lissafin da ba ya ƙarewa. In Allah ya ce yunwa na zuwa, ni kuma na fita shuka, ba ƙaryata shi na yi ba? In na roƙi ruwa, ba jayayya nake da maganarsa ba? Ga irin gero ɗan kaɗan ya rage a rumbu. In na binne shi ya mutu a ƙasa, na zubar da abincin ƴaƴana da hannuna. Yanzu in na tuna sai in yi dariya, amma a lokacin ko fura ba ta wuce mini.

Ana nan ruwan fari ya sauka da yamma, mai yawa. Da gari ya waye kowa ya nufi gona. Ƙasarmu rairayi ce, laimarta ba ta daɗewa, wanda ya yi jinkiri ya rasa shukar fari. Matata ta auno iri a ƙwarya ta tsaya bakin ƙofa, ni kuma ina zaune da sungumi jingine da bango.

“Maigida, rana na ɗagawa fa,” in ji ta.

Maƙwabcina, Musulmi ne mai barkwanci, ya leƙo ta saman darni. “A'a, maƙwabci! Yau ma Lahadi ce a wurinku? Ko sungumin ne ya yi nauyi in aro maka jakina ya ɗaukar maka?”

Ina cikin haka sai na hangi Inna tana wucewa da sauri, zane ɗaure a ƙugu, ƙwaryar iri a ka. Na tashi na bi ta ko takalmi ban sa ba.

“Inna, ina za ki? Ba ke kika ce yunwa na zuwa ba?”

“Ai shi ya sa nake sauri, ɗan nan,” ta ce, ba ta ko tsaya ba. Na jero mata duk abin da ke cina. Sai ta sauke ƙwaryar ta kalle ni. “Kai ka ji maganar har ƙarshe kuwa? Cewa na yi mu yi shiri, mu riƙe juna, Ubangiji yana tare da mu. Da so yake mu mutu, me zai sa ya gaya mana tun cikin bazara? Annabci don a ƙarfafa mutum ne, a ta'azantar da shi, a tashe shi tsaye. Wuce ka ɗauko sungumi. Ka zuba wake da yawa tsakanin geron, shi ba ya daɗewa. In ka gama naka ka zo ka sara mini, bayana ba ya so.”

Na koma gida da gudu. Ina sara matata na bina tana jefa iri tana rufewa da diddige, ba mu huta ba sai da rana ta yi sanyi. Washegari na sara wa Inna tata.

Shekarar ta yi wuya kamar yadda ta faɗa. Ruwa ya ɗauke gero na fidda kai, abin da muka yanka bai taka kara ya karya ba. Amma shukar fari ta yi ido, wake kuma ya ba da. A majami'a kowa ya kawo abin da ya iya muka zuba a rumbu guda, daga ciki gidajenmu suka ci, har da maƙwabta da ba addininmu ɗaya ba. Ƴaƴana ba su kwana da yunwa ba.

Har yau tsoro bai bar ni gaba ɗaya ba, haka halina yake. Amma na koyi cewa in Allah ya sanar da mutanensa abin da ke tafe, don yana son su tsira ne. Duk maganar da aka ce daga gare shi take, yanzu nakan saurare ta har ƙarshe, sa'an nan in tambayi abin da yake so in tashi in yi.