Mashin Wai-Lan

Har yau idan na ji ƙamshin citta a tafasasshen ruwa, sai in gan ni a ɗakinmu na unguwar Madinat Nasr. Shekara uku ke nan da rasuwar Wai-Lan. A ranar ma citta ta dafa mana da safe, tagogi a rufe saboda hayaƙin titi, kafin ciwon zuciyarta ya tashi da la'asar.

Musulma ce daga kudancin Sin, ta zo Alƙahira karatun Larabci kamar ni. Harshenta, Kantonis, da hawa da saukar murya yake tafiya kamar Hausa, shi ya sa duk gidan ni kaɗai ke faɗin sunanta daidai. Da gari ya rikice muka daina fita, sai muka buɗe littafi muna tara tsofaffin kalmomin yaƙi na marubutan ƙasarsu. Gon-gwo, garkuwa da mashi. Fung-fo, wutar da ake hurawa a kan tudu don a san maƙiya sun taso. Ita ta zana, ni in sa Hausar a gefe.

Wadda ta fi so ita ce mou, jarumta. Ta raba mini zanen biyu da yatsa: "Wannan mashi, wannan kuma 'tsaya'. Jarumi shi ne mai tsayar da mashi."

Bana Anti Rabi, babbarmu a gidan, ta ce in ƙona littafin. "Khalas, ya isa haka, 'yar nan. Ke baƙuwa ce. In aka gan ki da wannan, wa zai tsaya jin bayaninki?"

Ban ga laifinta ba, kowa yanzu ƙasa-ƙasa yake magana. Amma ban ƙona ba, kuma ba zan ƙona ba. Rubutun hannun Wai-Lan ne, ba ta bar mini wani ba. Nakan tambayi kaina me za ta ce da ta ga mun koma tsoron takarda. Ina jin dariya za ta yi, ta turo mini biro.

Shafi tara ta bari fari. Don in cika su na nemo wata 'yar garinsu a Giza, watan jiya. Da muka zo kan mou, ta daɗe tana dubawa, sannan ta ce a asalin rubutun wancan rabin ba "tsaya" ba ne. Zanen ƙafa ne. Mutum ne ya saɓa mashinsa yana tafiya.